Wa Ya Naɗa Ku Sarakunan Asali? Martani Ga Masu Kushe Littafin Fray

  

Yau ba maganar tsadar kuɗin mota daga Kano zuwa Ibadan na zo da ita ba, ba kuma ta goro ba. Magana ce a kan wani littafin zane na Turawa, kuma na san da yawa daga cikinku za su ce yaron nan ya rasa aikin yi. To na ji. Amma ina roƙon mai karatu ya daure ya bi ni zuwa ƙarshe, domin wani lokaci a cikin wasa ake yaɓa wa mutum maganar da za ta hana shi barci. Sannan ina gargaɗi tun yanzu, zan tona yadda labarin ya ƙare, kada wani ya zo daga baya ya ce na ɓata masa karatu.

Bayan Babbar Sallah ɗan baffana ya zo mana daga Kano, ya kwana huɗu a gidanmu a nan Sabo. Ya girme ni da shekara shida, saboda haka Yaya nake ce masa. Shi ne ma ya fara nuna mini shirin nan na Amurka mai suna Buffy the Vampire Slayer tun ina ƙarami, a irin faifan nan da ake cusa zango guda cur a ciki. Muna zaune da daddare a ƙofar gida tare da abokaina, sai ya ga littafin Fray a hannuna, wanda na tsinta a wurin masu baza tsofaffin littattafai a Dugbe, bangonsa har ya soma rabuwa. Ya karɓa, ya buɗe shafi biyu uku, ya miƙo mini abina, ya ce: "Wannan ai jabu ne. Ba Buffy ba ce, an ari sunan ne kawai don a ci kuɗin mutane. Kamar Hausarku ce ta 'yan Sabo, daga nesa sai ka rantse ta gaske ce."

Aka kwashe da dariya. Ni ma na dara, domin babba ne kuma baƙo ne, ba a ja-in-ja da baƙo a gaban jama'a. Amma wallahi maganar ta tsaya mini a maƙoshi. Kuma ra'ayin ba nasa ba ne shi kaɗai. A cikin masoya wannan shiri akwai wani rukuni da ya daɗe yana cewa duk abin da ya fito a takarda ba a talabijin ba, to shara ne. Da su nake yau, Yaya kuma ya ɗauki rabonsa a ciki.

Bari in fara da bayani saboda waɗanda ba su san dawan garin ba. Shirin Buffy ya gudana daga 1997 zuwa 2003, zango 7, kashi 144. Joss Whedon ne ya ƙirƙiro shi, Sarah Michelle Gellar ce tauraruwa. Labarin wata 'yar sakandare ce a wani ƙagaggen gari a Kalifoniya, wadda aka zaɓa don ta yaƙi masu shan jini. Su waɗannan ba irin mayunmu masu kama kurwa ba ne. A almarar Turawa gawa ce da ta tashi, tana rayuwa da jinin mutane, hasken rana yana ƙone ta, ana kuma kashe ta da tsinin itace a zuciya. Kafin wani ya ɗauko mini fatawa, ƙirƙira ce tsagwaronta, kamar Dodo a tatsuniya, babu wanda ya ce a yi imani da ita. A tsarin labarin, kowane zamani yarinya ɗaya ake zaɓa, ana ba ta ƙarfi na ban mamaki, ana ba ta mafarkai da take ganin rayuwar zaɓaɓɓun da suka gabace ta, ana kuma turo mata malami daga wata tsohuwar majalisa ya koya mata aiki. Ku riƙe waɗannan abubuwa uku: ƙarfi, mafarki, malami.

Shi kuwa Fray labari ne cikin zane da kamfanin Dark Horse ya buga a fitowa 8, daga 2001 zuwa 2003. Whedon da kansa ya rubuta, Karl Moline ya zana. An kai labarin gaba da kimanin shekara 200, zuwa wani birni da ake kira Haddyn, wato Manhatan ta Niyok bayan zamani ya juya ta. Masu kuɗi suna can sama a dogayen benaye, motocinsu na tashi a iska, talakawa suna can ƙasa inda rana ba ta cika isa ba. An yi ƙarnuka ba a zaɓi kowace yarinya ba, har mutane sun manta da zancen. A nan muka haɗu da Melaka Fray, ɓarauniya 'yar shekara 19, tana yi wa wani uban daba mai suna Gunther aiki, wanda shi kansa halittarsa ta jirkice har a cikin ruwa yake rayuwa kamar kifi.

To, masu kushe suna da hujja uku, zan bi su ɗaya bayan ɗaya.

Hujja ta farko, wai abin da ba a nuna a talabijin ba bai faru ba. Ikon Allah! Jama'a, ita kanta Buffy ɗin a ina ta faru? A gaban idon wa? Duka biyun daga kan mutum ɗaya suka fito, ɗaya ya bi ta kyamara, ɗaya ya bi ta alƙalami. Amma bari in kawo abin da ya fi wannan. Duk wanda ya kalli ƙarshen zango na 7 ya san jan gatarin nan mai tsinin itace a gindi, wanda Buffy ta zaro daga cikin dutse, wanda da shi ne ƙawarta Willow ta raba ƙarfin zaɓaɓɓiya ga 'yan mata a faɗin duniya. Wannan gatari shi ne ginshiƙin ƙarshen shirin baki ɗaya a 2003. To a ina aka fara ganinsa? A cikin Fray, a hannun Melaka. Littafin da ake kira jabu shi ya riga fito da shi, talabijin ta zo daga baya ta ɗauka. Ke nan idan Fray jabu ne, ƙarshen shirin da kuke yi wa tafi da kayan jabu aka gina shi. Wanda ya ci tuwo da miyar maƙwabci bai kamata ya fito yana cewa matar maƙwabci ba ta iya girki ba.

Hujja ta biyu, wai masu shan jini da motoci masu tashi ba sa haɗuwa, wai wurinsu maƙabarta ne da tsofaffin gidajen sarauta, da zarar an sa su cikin almarar kimiyya an ɓata su. Wannan magana ce ta wanda bai san tarihin abin da yake karewa ba. Littafin Dracula na Bram Stoker, wanda shi ne uban tafiyar, ya fito a 1897, kuma cike yake da sababbin ƙere-ƙeren zamaninsa: likita yana naɗar bayanansa a na'urar ɗaukar murya, mace tana buga takardu da tafireta, ana aika wayar tangaraho, ana yi wa mara lafiya ƙarin jini. Shi kansa Dracula ɗin ba zama ya yi a tsohon gidansa ba, tattara komatsansa ya yi ya nufi Landan, babban birnin duniya a lokacin, domin a can mutane suke da yawa. A 1954 kuma Richard Matheson ya rubuta I Am Legend, inda ya mayar da abin cuta ce mai yaɗuwa ta hanyar ƙwayar cuta. Ashe tun kafin a haifi iyayenmu an riga an ɗaura auren nan da kuke cewa bai halatta ba.

Kuma ni a ganina birnin gaba ya ƙara musu ban tsoro ne, bai rage ba. A Haddyn babu wanda ya yarda akwai masu shan jini. Ana ganinsu a lunguna, amma ana ɗaukarsu 'yan ƙwaya ne ko masu wata cuta, an ma laƙaba musu wani suna na daban mai nufin masu laɓe. Me ya sa ba a damu ba? Domin waɗanda suke ci 'yan ƙasan birni ne, mutanen da in sun ɓata babu mai zuwa cigiya. Duk wanda ya taɓa zama a babban gari, ya ga yadda ɗan dako ko mai gyaran takalmi zai ɓace a ce ai ƙila ya koma garinsu ne, ya san wannan tsoro ya fi na maƙabarta kusa da gaskiya. Dodon da ya fi haɗari shi ne wanda manya suka ƙi yarda yana nan, saboda ba 'ya'yansu yake ci ba.

Hujja ta uku ita ce ta Yaya, ita ce kuma ta sa na ɗauki alƙalami. Wai Melaka ba cikakkiyar zaɓaɓɓiya ba ce: ba ta da mafarkan gado, ba ta san tarihin magabatanta ba, ba ta da malami, ga ta kuma ɓarauniya. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, masu faɗin haka suna jin kamar sun kama marubucin da kuskure ne, alhali kuwa wannan shi ne labarin ɗungurungum. Sun ga ƙofar gida sun ce ɓaraka ce a bango.

Ga yadda abin yake. Melaka 'yar tagwaye ce, tana da ɗan'uwa namiji mai suna Harth. Sai gadon ya rabu biyu: ita ta samu ƙarfin, shi ya samu mafarkan. Tun yana yaro yake ganin rayuwar kowace zaɓaɓɓiya, ya san yaƙe-yaƙensu, ya san sirrinsu, ya san komai. Ita kuwa ba ta san ko sunan abin da take ba. Wata rana sun je sata sai wani mai shan jini da ake kira Icarus ya ritsa su, ya kama Harth. Melaka ta rayu da baƙin cikin cewa ita ta jawo mutuwarsa, yayarsu Erin, wadda 'yar sanda ce, ita ma ta ɗora mata laifin. Ashe Harth bai tafi ba. Da ilimin nan na mafarki ya san cewa idan ya sha jinin wanda ya cije shi zai tashi ya zama irinsu, kuma da gangan ya yi hakan. Ya dawo ya zama shugabansu, yana amfani da tarihin zaɓaɓɓu don ya rusa abin da suka mutu suna karewa.

Ku duba sauran masu riƙe da asalin. Malamin da tsohuwar majalisa ta turo mata, majalisar ta riga ta lalace ta koma taron tababbu, yana isowa ya gaya mata ita ce zaɓaɓɓiya, ya cinna wa kansa wuta a gabanta. Sai wani aljani mai ƙaho, Urkonn, ya zo ya zama malaminta, ya koya mata faɗa, ya ba ta tarihi, ya miƙa mata gatarin. Akwai wata ƙaramar yarinya a unguwarsu mai suna Loo, mai hannu ɗaya da ido ɗaya, wadda ta ɗauki Melaka tamkar yayarta. Aka wayi gari an kashe ta, wannan ne ya sa Melaka ta tashi haiƙan ta tara 'yan unguwa aka yi yaƙi. Bayan ƙura ta lafa sai ta yi lissafi: masu shan jini ba sa shiga gida sai an gayyace su, kuma ba sa barin jini a jikin gawa. Ashe malaminta ne ya kashe yarinyar, don ya zaburar da ita. Ba ta ce ai malamina ne, ya fi ni sanin gado ba. Ta ja shi cikin ruwan gidan Gunther, inda ta san ba ya iya iyo, ta gama da shi.

To jama'a ku ƙirga da ni. Mutum uku ne suka riƙe asali a cikin littafin nan: ɗaya ya haukace, ɗaya ya ci amana, ɗaya ya zama dodon kansa. Wadda ba ta gaji komai ba sai nauyin aikin, ita ce ta tsaya wa unguwarta ranar da babu mai tsayawa. Wannan ne abin da littafin yake faɗa, kuma ni ban ga inda ya saɓa wa shirin talabijin ba. Ita Buffy ɗin ba ita ce ta yi watsi da umarnin majalisar malamanta ba? Ba ita ce a ƙarshe ta karya dokar nan ta yarinya ɗaya tak ba? Wanda ya ce yana son Buffy amma yana ƙyamar Melaka saboda rashin gado, to ya kalli kashi 144 bai ji abin da ake faɗa ba.

Kada kuma a fahimce ni a baibai, ban ce gado banza ne ba, littafin ma bai ce haka ba. A wani gajeren labari da ya fito cikin tarin Tales of the Slayers a 2002, an nuna Melaka ta gano wani ɗaki cike da littattafan da malaman da suka shuɗe suka rubuta a kan zaɓaɓɓunsu, ta zauna tana karantawa. Abin da ɗan'uwanta ya samu kyauta cikin barci, ita sai da ta neme shi da idonta biyu. Ku gaya mini, tsakanin wanda aka zuba wa a baki da wanda ya tashi ya nema, wa ya fi sanin darajar abin?

A nan ne maganar ta dawo ƙofar gidanmu. Unguwar Sabo ta Ibadan tun 1916 take. Kakanninmu sun zo da fataucin goro da shanu, sun gina masallatai da makarantun allo, sun aurar, sun binne nasu a nan. Fiye da shekara 100 ke nan ana kiran salla ana ciniki da Hausa a tsakiyar ƙasar Yarbawa. Amma har gobe, idan na fita Mokola ni aboki ne ko Gambari, idan na je Kano ni ɗan Kurmi ne, da na buɗe baki a ce ji Hausar Yarbawa. Gaskiya ne akwai kalmomin da nake ji a bakin tsofaffi sai na tambaya, gaskiya ne Yarbanci yakan faɗo cikin maganata ban sani ba, ban kuma taɓa kwana a garin da kakana ya baro ba. Mafarkan ba su zo mini ba. Amma Yaya, kai da ka tashi Hausa na kewaye da kai kamar iska, ka taɓa wahala a kanta ko ta rana ɗaya? Mu nan kullum sai mun zaɓe ta. A makaranta Turanci, a titi Yarbanci, a gida uwa ta tsare ka ta ce sai ka amsa mata da harshen ubanka. Abin da ake riƙewa da ƙoƙari irin wannan ba a kiransa jabu.

Saboda adalci, bari in faɗi inda masu suka suke da gaskiya, domin ba na son in zama irin masoyin da ba ya ganin laifi. Bayan shirin ya ƙare an ci gaba da labarin Buffy a takarda da sunan zango na 8, fitowa 40, daga 2007 zuwa 2011, kuma a nan an yi ɓarna. An mayar da ƙanwar Buffy ƙatuwa kamar bene, har ta yi dambe da mutum-mutumin ƙarfe a birnin Tokiyo, an sa Buffy tana tashi sama, sannan a 2010 aka bayyana cewa mugun da ya ɓoye fuska tsawon tafiyar ba kowa ba ne illa tsohon masoyinta Angel, abin da ya fusata masoya da yawa. Whedon da kansa ya amsa a ƙarshen zangon cewa daɗin rashin iyakar kuɗin shiri ya kwashe shi har ya yi nisa da abin da mutane suke so. Ko haɗuwar Buffy da Melaka da aka yi a fitowa ta 16 zuwa ta 19 a 2008, ni ba ta gamsar da ni ba, domin an mayar da Melaka kamar baƙuwa a cikin garinta. Shi kansa Fray yana da nasa: karin maganar 'yan zamanin gaba da aka ƙirƙira yana wahalar da mai karatu, yaƙin ƙarshe an yi shi cikin gaggawa, akwai kuma wurin da Harth ya nuna wa 'yar'uwarsa wata irin ƙauna da ta tayar mini da zuciya. Ba littafin da za ka bar wa ƙananan yara ba ne.

Akwai kuma maganar marubucin. A 2021 Charisma Carpenter, ɗaya daga cikin 'yan wasan shirin, ta fito ta zarge shi da wulaƙanci da cin zali a wurin aiki, wasu abokan aikinta suka mara mata baya, shi kuma ya musanta a wata hira a 2022. Wanda ya ce saboda wannan ya daina taɓa duk abin da ya fito daga hannunsa, na girmama shi, matsayi ne mai tushe. Amma sai ya haɗa da shirin talabijin ɗin, tunda a can ne ma aka ce abin ya faru. Ba zai yiwu ka rungumi faifan ka jefar da littafin ka ce tsarki kake nema ba.

Duk waɗannan suka ne na gaskiya, domin sun shafi abin da ke cikin aikin. Ka ce zanen bai yi maka ba, ka ce labarin ya yi sauri, ka ce ka gaji a tsakiya, duk zan zauna mu yi musu har mai shayi ya tashi. Abin da ba zan karɓa ba shi ne a buɗe shafi uku a yanke hukunci da kalma ɗaya, jabu, don kawai abin bai fito daga inda aka saba ba. Wannan ba sharhi ba ne, gadin ƙofa ne. Kuma na lura masu gadin ƙofar nan, a littafi ne ko a harshe ko a zumunci, ba kasafai suke tambayar me ka yi ba, kullum tambayarsu daga ina ka fito.

Yaya, na san wannan rubutu zai iso gare ka, domin na san masu kai maka rahoto. Ban faɗa a gabanka ba saboda kunya da girmanka, kuma har yanzu girmanka yana nan, kai ka fara buɗe mini wannan ƙofa. Na ba direban da zai taso ranar Asabar littafin, yana cikin buhun goron Baffa, an naɗe shi da leda. Ka karanta shi tun daga bango har bango, fitowa 8 ne kacal, ba zai ci maka dare biyu ba. Idan ka gama har yanzu kana ganin jabu ne, ka kawo hujjarka daga cikin shafukan, zan saurara. Amma ka dawo mini da abina, don da ƙyar na same shi.

Ku kuma 'yan'uwana haifaffun Sabo, da na Shagamu, da na Agege, da duk inda aka haifi Bahaushe nesa da gida, idan aka sake yi muku irin wannan ba'a ku yi dariya, ba laifi, zumunci ya fi. Amma kada ku kai ta ɗaki ku kwana da ita. Ku tambayi tsofaffi abin da ba ku sani ba tun suna raye, ku koya wa ƙannenku, ku ci gaba da riƙon abinku.

Allah Ya bar zumunci, Ya ba mu kasuwa mai albarka. Sai mun sake haɗuwa in da rai da lafiya.

Wassalam.